Daga Teburin Tikiti Zuwa Tura Keke

Matar da ke zaune a kantar tikiti a filin jirgin saman Habasha ta daɗe tana kallon kwamfutarta kafin ta ɗago kai. Na san irin wannan shirun, don ni ma na sha yi wa mutane irinsa. Ta sake karɓar fasfona, ta sake buga lambar, sannan ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ta ce da Turanci, "Tikitinka na gaba ba ya nan. Wanda ya fitar da shi ya soke shi tun jiya da yamma."

Ban yi mata gardama ba, don abin da ke rubuce a gabana ba baƙon karatu ba ne a wurina. Sunana Sagir, ɗan Karu. Mahaifina Bakatsine ne da ya zo da sana'ar yadi tun ana sharar dajin Abuja, a nan aka haife ni, a nan na yi aure. Shekara tara na yi ina sayar da tikitin jirgi a wani ofishi a Wuse. A da, duk mai tafiya sai ya biyo ta kanmu. Direbobin manyan Maitama kan zo da fasfo biyar ko shida a ambulan, su zauna suna shan sanyin ofis muna nema wa iyayen gidansu kujera. Sannu a hankali waya ta cinye sana'ar. Kowane kamfanin jirgi ya fito da manhajarsa, 'ya'ya suka koya wa iyaye latsawa, biza ma ta koma ta intanet. Ga tikiti ya yi tsadar da masu zuwa hutu suka haƙura suka zauna gida. Wata rana oga ya tara mu, mu huɗu, ya ce ya saki shagon. Wanda ya karɓi wurin bayanmu kuwa mai sayar da wayoyi ne.

Daga nan na faɗa hannun Alhaji Mudi, wani ejan mai ofis a Garki. Ya ce ƙasashen Larabawa na bakin teku suna ta faɗaɗa filayen jirginsu, suna neman irina da suka san tikiti su zauna a kanta. Biza ta fito ta gaskiya, takardar aiki ma ta gaskiya. Tikiti kuwa biyu ya yi mini, ɗaya Abuja zuwa Habasha, ɗaya daga Habasha zuwa can, ya ce haka ya fi sauƙi. Na biyun sai da safiyar ranar tafiya ya fitar. Na duba shi da idona, lafiyarsa lau. Abin da na manta, ko in ce na ƙi tunawa, shi ne abin da kowa a sana'armu ya sani: tikitin da aka fitar yau ana iya soke shi kafin ranar ta ƙare, kuɗin ya koma hannun wanda ya fitar. Ya jira jirginmu ya ɗaga, ya latsa. Wanzami ba ya son jarfa, ni kuwa ga ta an yi mini a tsakiyar goshi.

Na kira layinsa, a kashe. Matar kantar ta tambaye ni ko ina da wanda zai saya mini wani, na ce zan gani. Na san ba ni da shi. Takardar aikina kuma ta ce in ban bayyana ba cikin kwana uku, za a ba wani gurbin.

Filin jirgi ba wurin zama ba ne, kowa wucewa yake, wanda ya zauna sai ya ji kamar laifi yake yi. Na samu kujera kusa da masallaci na ajiye jakata. Matata Hauwa na tura mata saƙo cewa muna hanya, wanda ba ƙarya ba ne, ba kuma gaskiya ba. Dambun naman da ta zuba mini a roba shi na dinga tsakura ina korawa da ruwan famfo. Akwai wani dattijo mai goge daɓe da ya yi ta wucewa ta gabana da tsummansa tun safe. Da ya samu hutu sai ya zo ya ajiye mini kofin gahawa da burodi, ya dafa ƙirjinsa, ya koma bakin aikinsa. Ko kalma ɗaya ba mu haɗa ba. Ban taɓa shan abu mai ɗacin gahawar nan ba, kuma na shanye ta tas.

Rana ta biyu bayan Azahar, ina sa takalmi a ƙofar masallaci, sai na ji Hausa tana tashi daga wajen injinan da ke ba da takardar shiga jirgi.

"Kai wannan abu, in ba za ka ba ni takardata ba ka faɗa mini in san inda dare ya yi mini!"

Wata mata ce da za ta kai shekara sittin, da mayafi ruwan toka da jaka a hammata, tana nuna wa injin yatsa. Na matsa na ce, "Hajiya, sannu da hanya. Ko in taimaka?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan ina ne?"

"Karu."

"Karun Abuja? To zo, ɗana, Allah ne ya kawo ka. Jikata ce ta sa mini abin nan a waya, ta ce in na zo in nuna wa injin. Na nuna masa ya fi sau goma, sai jan ido yake yi mini."

Sunanta Hajiya Zuwaira, Bakanuwa, tana da shagon kayan kicin a kasuwar Wuse, Sin za ta je saro kaya. An canza mata jirgi ne ba ta sani ba, tana ta nuna tsohuwar shaida. Na buɗe manhajar, na sabunta, injin ya tofo takarda. A nan ne idona ya faɗa kan makinta. Kamfanonin jirgi kan tara wa fasinja maki a duk tafiyar da ya yi da su, in ya taru ana iya karɓar tikiti da shi. Hajiya ta fi shekara goma tana jigila a hanya ɗaya, ba ta taɓa taɓa nata ba.

Na san abin da makin nan zai iya yi mini, amma bakina ya yi nauyi. Na ce, "Hajiya, kin san kina da dukiya a nan? Da wannan za su mayar da ke kujerar manya, ki miƙe ƙafa har Sin."

"Ni da nake barci tun jirgi bai tashi ba? Me zan yi da miƙe ƙafa?" Ta saka takardarta a jaka. "Kai ina ka nufa, na gan ka duk a yamutse?"

Na ba ta labari a taƙaice. Ta yi salati, ta tafa hannu. Can ta ce, "Shi makin nan, sai mai shi kaɗai ke hawa da shi?"

"A'a, ana iya ba wani."

"To me kake jira? Ka ga abu tun ɗazu ka tsaya kana yi mini zancen miƙe ƙafa."

"Hajiya, ba ki san ni ba."

"Shi wanda ya cuce ka ai ka san shi, me sanin ya tsinana maka? Ungo, latsa."

Da hannuna na fitar wa kaina tikiti a wayarta. Ɗan harajin da ya rage na biya da abin da ke aljihuna. Ta tsaya sai da ta ga injin ya tofo tawa takardar, sannan ta ce in riƙe salla, ta ja jakarta ta shige cikin mutane. Bayan na dawo gida na neme ta a layin 'yan kwanuka, da ƙyar ta tuna ni, ta ce, "Au, kai ne na Habasha? Ka ci abinci?"

Ƙasar da na sauka zan bar sunanta, don akwai mutanen da har yanzu suke cin abinci a can. Abin da ya fara tarbata zafi ne, irin wanda kake ji kamar an buɗe maka murfin tukunya a fuska. Motar kamfani ta kwashe mu zuwa wani ofishi a cikin filin jirgin, inda na haɗu da shugabanmu, Mista Rajan, wani Ba'indiye mai furfura da sanyin magana. Na ce masa ni aikin kanta aka ɗauke ni. Bai yi mini dariya ba. Ya ce in biyo shi, muka hau bene, ya nuna mini zauren masu tafiya daga sama.

Injina ne jere reras. Fasinja ya zo ya fitar da takardarsa, ya liƙa wa akwatinsa lamba da kansa, ya ɗora a bel mai jan kaya. Ya je gaba ya tsaya, kyamara ta kalli fuskarsa, ƙofar gilashi ta buɗe. Kantoci 'yan kaɗan ne a can gefe, su ma ma'aikatan kamfanin jirgin ne a kai, ba irinmu 'yan kwantiragi ba.

Ya ce, "Duk wanda ya ce maka kanta, labarin da ya ba ka ya tsufa. Abin da inji bai iya ba tukuna shi ne tura tsofaffi."

Ya miƙo mini riga mai ruwan lemo da wata na'ura kamar waya. Aikina tura keken guragu: in ɗauko tsoho ko majinyaci daga ƙofar jirgi, in kai shi inda za shi. Na'urar ita ke kira, ta nuna ƙofa da sunan fasinja, tana kuma auna lokacin da ka ɗauka. In ka yi nawa da yawa a rubuta maka gargaɗi. Gargaɗi uku, ba za a sabunta maka kwantiragi ba.

Mu shida ne a ɗaki. Wanda ke gadon samana Bishnu ne, mutumin Nepal, gajere mai faɗin ƙirji, ya shekara biyar yana turi. Kwanana na uku ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ya duba takalmin ofis ɗina mai tsini, ya girgiza kai, ya jawo wani tsohon kambas daga ƙarƙashin gado ya ba ni. Shi ya koya mini aikin. Kada ka tura da hannu, tura da ƙugu. In za ka sauka gangare juya ka yi baya-baya. Kada ka motsa keke sai ka faɗa wa mai shi, don wanda ke zaune ba ya ganinka, motsi kawai yake ji. Ya nuna mini lifta ta ma'aikata da ke rage tafiya, da inda ake ɓoye kekunan da ƙafarsu ba ta karkata.

Wata guda na yi kafin na iya faɗa wa Hauwa gaskiya. Na yi ta kewaye-kewaye a waya, daga ƙarshe na ce, "Ba kanta ba ce. Keken guragu nake turawa."

Ta ce, "Baban Ummi, sata kake yi?"

"A'a."

"To tura abinka. Ummi ta fara rarrafe."

Kewar gida ba ta zo mini ta inda na zata ba. Na ɗauka tuwo zan yi kewa. Ashe gaisuwa ce. A can mutum zai wuce ka da ɗaga gira, shi ke nan an gaisa. Babu ina gajiya, babu ya iyali, babu mai tsayar da kai ya tambayi jikin mahaifiyarka alhali ya gan ta jiya. Na yi kewar cunkoson Nyanya da na shekara tara ina tsine wa, da kwandastan da ke rataye a ƙofa yana kiran Mararaba, da ƙamshin masarar da ake gasawa a bakin titi. Watanni suka wuce ban taka ƙasa ba, daga daɓe sai kwalta. In hadari ya haɗu a Karu, Hauwa kan ɗauko mini ƙarar ruwan a kan kwano ta turo, in sa a kunne ina jiran mota.

Wata rana na'ura ta nuna mini sunan da na sani. Wani babban mutum ne na Maitama da na shekara ina fitar wa iyalinsa tikiti, har goron salla ya taɓa aiko mini. Lafiyarsa ƙalau, ya nemi keke ne don kada ya bi layi, abin da wasu ke yi. Na so in ba Bishnu, ban gan shi ba. Na je na gaishe shi da Turanci, ya zauna yana waya. Na tura shi tun daga wannan ƙarshen har wancan, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Da ya tashi ya wuce sai na ji daɗi bai gane ni ba, can kuma sai abin ya tsaya mini a rai har yamma.

A shekarata ta biyu, ina da gargaɗi biyu a wuyana. Ɗaya na makara daga Juma'a, ɗaya kuma na jiran wata tsohuwa da ta daɗe a ban ɗaki na ƙi barinta. A wannan lokacin ne rikici ya tashi a yankin, wasu ƙasashe suka rufe hanyar samansu. Jirage suka koma zagaye, wasu aka soke su, filin ya cika maƙil, mutane zaune a kan akwatunansu har bakin matakala. Kwamfutar kamfanin jirgin ita ke sake raba wa kowa sabon jirgi, ta tura masa saƙo a waya.

Da hantsi na'ura ta kira ni ƙofar wani jirgi da ya sauka daga Indiya. Na tarar da wani tsoho dogo, busasshe, ido ɗaya an rufe shi da auduga, ɗayan ya yi fari ya mutu tuntuni. Wani matashi yana riƙe da hannunsa. Na zaunar da shi, na faɗa masa da Turanci za mu motsa. Mun ɗan yi gaba sai na ji ya ce, "Ishaya, ƙasan nan sanyi ya yi yawa. Ka ce su kashe fanka."

Hausar gida ce, ta mutanenmu na Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ban san lokacin da na ce, "Baba, ba fanka ba ce, na'urar sanyi ce. Bari in rufa maka bargo."

Ya juyo da kai yana neman inda muryar ta fito. "Wane ne? Wa ya yi Hausa?"

"Ni ne mai tura ka, Baba. Sagir, daga Karu."

"Karu! Ni Orozo. Ayuba, manomi. Ishaya, ka ji? Ɗan gida ne yana tura ni!"

Ishaya, ɗansa, malamin makaranta ne. Bai yi murna kamar uban ba. Ya matso ya nuna mini wayarsa, ya rage murya. "Ɗan'uwa, duba mini wannan. An sa ni a jirgin da zai tashi nan da awa uku. Shi kuma an sa shi a na jibi."

Na duba na gane matsalar. 'Yan cocinsu ne suka saya wa tsohon tikiti, Ishaya ya sayi nasa daga baya, don haka kwamfuta ba ta san tare suke ba. An yi wa Baba dashe a idon da ya rage masa, duk bayan awa biyu sai an ɗiga masa magani, in aka yi sakaci aikin ya lalace. Ko kofi ba ya iya ɗauka sai an sa masa a hannu. In Ishaya ya ƙi hawa nasa jirgin kuma, tikitinsa ya faɗi, ba tabbas zai samu kujera a na jibi.

Aikina shi ne in kai shi wurin jiran masu keke, in latsa na gama, in tafi. Na'urar ma har ta fara kiran na gaba. Na tsaya ina kallonta. Na san abin da gargaɗi na uku yake nufi, na tuna Hauwa da Ummi. Ba zan ce na yi wani dogon tunani ba. Tsohon ya ɗora hannunsa a kan nawa a marikin keken, yana ba ni labarin wani mai shayi da ya sani a Karu, ni kuwa na kasa zare hannun. Na kira Bishnu na ce ya ɗaukar mini abin da zai iya. Ya ce biyu zai iya, ba ƙari. Na sa na'urar a aljihu, na juya keken zuwa teburin masu canjin jirgi.

Layin ya kai inda ido ba ya gani, amma mai keke yana da hanyarsa ta gefe. Wadda ke kan teburin wata budurwa ce 'yar Tunusiya, Salma, sabuwar ɗauka, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta duba ta ce jirgin ɗan ya cika, na uban ma ya cika, ba abin da za ta iya.

Na sunkuya na ce, "'Yar'uwa, bar waɗannan biyun. Fara haɗa rajistarsu wuri ɗaya, ki sa alamar majinyaci da ɗan rakiya. Sannan ki duba hanyar da ta bi ta Alkahira, da jirgin kamfanin da kuke ƙawance da shi."

"Kwamfuta ba ta kawo wannan ba."

"Ba za ta kawo ba, jiran da ke tsakani ya yi mata tsawo. Buga da hannu."

Hanyoyin shiga Abuja na san su kamar yadda na san lungunan Karu. Na faɗa mata abin da za ta buga, ta buga. Kujeru biyu suka fito a jirgin yamma. Ta ɗago ta dubi rigata mai ruwan lemo.

"Kai wane ne?"

"Mai tura keke."

Sai dai mayar da fasinja kan jirgin wani kamfani yana bukatar sa hannun manaja, manajan kuma mutum ɗari ke jansa. Muka koma gefe muna jira. Na'urar tana ta ruri a cinyata, na daina dubawa. Ishaya ya wanke hannu ya ɗiga wa uban magani. Baba Ayuba kuwa hira yake kamar a ƙofar gidansa. Ya ce rabin gonarsa ya zama rukunin gidajen da ake kira estet, masu gini sun zo har gindin mangwaronsa. Ya ce doyar bana Allah kaɗai ya san yadda yara suka yi da ita.

"Matana ya ce in na mutu a jirgi ba zai yafe mini ba," in ji shi. "Na ce to, zan yi ƙoƙari."

Da aka kira La'asar ta lasifika ya ɗaga yatsa. "Kai Musulmi ne ko? Je ka yi sallanka. Ni ina nan, ba inda zan gudu."

Na je na yi, na dawo na tarar manajan ya sa hannu. Na tura shi har bakin jirgi. Kafin ma'aikatan ciki su karɓe shi ya ce in kawo hannuna. Ya riƙe da hannu biyu, tafinsa kamar ɓawon itace, ya yi addu'a mai tsawo da yarensu na Gbagyi, ban ji ko ɗaya ba sai amin da nake cewa. Sannan ya ce, "In ka dawo gida, Orozo, bayan firamare. Ka ce Ayuba mai doya."

Washegari da safe Mista Rajan ya kira ni. Ya nuna mini kira bakwai da ban amsa ba. Ya ce, "Na san abin da ka yi. Yarinyar ta faɗa wa manajanta, manajan ya kira ni yana yabo. Amma yabo ba shi da gurbi a kwamfutar nan, makara ce ke da shi." Ya ce ya yi ƙoƙari a sama, an ce doka doka ce. Na sa hannu a takardar gargaɗi na uku. Ban ji haushinsa ba, na ga shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Na ƙarasa wata huɗun da suka rage mini. Ranar tafiyata Bishnu ya ɗaukar mini jaka har mota, ya ce da Hausar da ya tsinta a bakina, "Sannu da aiki, Sagir."

Yanzu ina da ɗan tebur a wani shago a Karu. Masu zuwa wurina yawanci dattawa ne, masu Umara da masu tafiya asibiti, waɗanda ke tsoron latsa waya kada su latsa abin da ba ya gyaruwa. Ina cike musu biza, in haɗa musu tikiti da na ɗan rakiya wuri ɗaya, in rubuta musu komai a takarda da manyan baƙaƙe. Ba yawa, amma ana ci.

Sai da sabuwar doya ta fito na samu zuwa Orozo. Na sauka a firamare na tambaya, wata mai tuyar awara ta nuna mini gidan da baki. Na same shi zaune a kan turmi a gindin mangwaro, da tabarau mai kauri, yana gyara ƙotar fartanya. Ya ɗago ya dube ni, kallon baƙo.

"Wa kake nema?"

"Baba, ina wuni. Ya ƙarfin ido?"

Ya ajiye fartanyar a hankali. "Sake magana."

"Na ce ya ƙarfin ido, Baba."

Ya miƙe tsaye, ya ƙwala wa matarsa kira da Gbagyi, ta fito da ludayi a hannu. Ya kama kafaɗuna ya matso da fuskarsa dab da tawa, ya daɗe yana kallo ta cikin tabarau.

"Ashe kai siriri ne," ya ce. "Yadda ka tura ni na ɗauka ƙato ne." Ya juya wajen matar. "Wannan ne yaron da na gaya maka. Shi ne ƙafana a ƙasan Larabawa."

Ta ajiye ludayin ta riƙe hannuna tana ta godiya, ta ce in zauna a kawo ruwa. Baba ya ce ruwa ya jira, sai na ga gona tukuna. Muka fita ta bayan gida. Hanyar siririya ce, ta ratsa tsakanin katangar masu estet da wani kwazazzabo, ruwan jiya ya sa ta santsi. Na yi saurin shiga gaba ina miƙo masa hannu don kada ya zame. Ya ture hannun, ya wuce ni.

"Can kai ka san hanya," ya ce. "Nan ni na sani. Biyo ni, ka kula da ƙafanka."